Kurakuran da ke ɓata fentin firem ɗin babur a gida

Wanda ya kwance Boxer ko Jincheng ɗinsa don ya fenta firem da hannunsa bai yi laifi ba. Gwangwanin feshi mai mililita 400 guda biyar, biyu na firaima (fentin farko da ake shimfiɗawa a kan ƙarfe) uku na kala, da sanfefa da tina (ruwan tsinka fenti), sun isa aikin, kuma duk akwai su a Sabon Gari. Abin da ya ishe ni shi ne ɓarna iri ɗaya da nake gani daga Samaru har Tudun Wada.

Maiƙo ne ke kashe yawancin aikin. Firem ya shekara yana shan baƙin mai da giris ɗin sarƙa da fetur ɗin da ke ɗiga daga kafireta, sai mutum ya ɗauki sanfefa ya hau guga bai wanke ba. Ai cusa maiƙon ya yi cikin ƙarfen. Wani kuma ya goge da kananzir ya ce an gama. Haba malam! Kananzir ɗin ma mai ne, santsi yake bari. Kana fesawa za ka ga fentin yana gudu, yana barin ramuka-ramuka kamar zanzana, in ma ya zauna, bayan 'yan makonni farce ya isa ya ɓare shi. Ni ga yadda nake yi: a kankare giris mai kauri da tsohuwar wuƙa, a wanke da omo da ruwan zafi da burushi har sau biyu, a shanya. Sannan guga. Burushin waya da sanfefa lamba 80 ga tsatsa, musamman wuraren walda da ƙarƙashin mazaunin batir inda ruwan batir ke ci, sai 180, sai 240. Tsohon fentin da ya kama da kyau ba sai an cire shi ba, a dushe ƙyallinsa kawai. Daga ƙarshe a jiƙa farin ƙyalle da tina a goge, a sake, har ƙyallen ya fito fari. Daga nan hannu ba ya ƙara taɓa ƙarfen, a rataye shi da waya.

Kada tsiraicin ƙarfe ya kwana babu firaima, balle a Agusta. Da safe ja-ja za ka tarar da shi.

Sai gamin gambiza. Saboda tsimi mutum ya shafa ragowar fentin ƙofa da taga a ƙasa, ya zo ya fesa na mota a sama. Tinar da ke cikin na saman ta fi ƙarfin na ƙasan, nan take ya tattare ya yamutse kamar ganyen da ya sha rana. Wannan ba shi da magani sai a koma kan sanfefa daga farko, kuɗin da aka yi tsimin ya tafi har da riba. Firaima da kala su zama iri ɗaya, kamfani ɗaya in da hali, kuma a gwada a jikin tsohon gwangwani tukuna.

Wajen feshi, zalama ce matsalar. Girgiza gwangwanin minti 2, tsaya nesa da ƙarfen kamar santimita 25, fara da lungu da wuraren walda. Shafi na farko ya zama sama-sama, ana hango ƙasa ta cikinsa. Shafi uku ake yi, da tazarar minti 10 zuwa 15. Mai son ya rufe a tashi ɗaya zai ga fenti na zubar da hawaye. In ya zubo kada ka share, bari ya bushe ka bi shi da sanfefa lamba 400 da ruwa.

Iskar hunturu tana yayyafa ƙura a ɗanyen fenti, don haka a yayyafa wa ƙasa ruwa, a kare gefen iska da tabarma. Ranar tsakar Afrilu kuwa busar da fentin take tun bai sauka ba, ya fito da kaushi kamar yashi. Inuwa, da hantsi. Nesa da murhu da yara, da abin rufe hanci.

Lambar shasi: kada a goge ta, kada a cike ta da fenti, ranar da jami'ai suka tare ka a hanya za ka san amfaninta. Mazaunin boris na wuya da ramukan noti a toshe su da takarda da salatif. Inda wayar as, wato wayar lantarkin da ake haɗawa da jikin firem, ke ɗaurewa a bar shi tsurar ƙarfe, in ba haka ba fitila da hon su dinga wasa.

Fentin gwangwani yana bushewa a taɓa cikin awa ɗaya, amma cikinsa ɗanye ne. Ni sai ya kwana bakwai nake mayar da inji, kuma ina naɗe bututun firem da tsumma lokacin ɗorawa. Ko bayan nan ba ya jure fetur, saboda haka a gyara yoyon kafireta da tiyon mai kafin a buɗe makunnin tanki.