Yadda Ake Duba Ƙwaƙwalwar Jariri Tun Yana Ciki

Yawancinmu da an kwantar da mu don ɗaukar hoton ciki (sikanin), an shafa mana man nan mai sanyi a ciki, tambaya ɗaya ce a bakinmu: "Likita, mace ce ko namiji?" Alhali a kan allon nan akwai abin da ya fi wannan nauyi, wato yadda ƙwaƙwalwar yaron ke tasowa.

Da farko ki kiyaye lokaci. Hoton da ake bin gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya, tsakanin mako 18 zuwa 22 ake yin sa. Kafin nan wasu sassan ƙwaƙwalwa ba su gama bayyana ba, in ciki ya tsufa kuma ƙashin kai ya yi ƙwari yana tare hoton. Ki tafi da katin awo da hotonki na farko, domin da shi ake tantance makonnin ciki.

In an fara, ki nemi a auna kai, faɗinsa da kewayensa, a gwada da makonnin. Daga nan sai ramukan ruwa biyu da ke cikin ƙwaƙwalwa, kuma nan nake so ki natsu sosai. Faɗin kowanne ya kamata ya zama ƙasa da milimita 10. In ya haura, kada ki ɗaga hankalinki tukuna. Yawancin yaran da nasu ya tsaya tsakanin 10 zuwa 12, ba tare da wata matsala daban ba, lafiya lau suke tashi. Sai dai za a sake dubawa, wani lokacin har da MRI, wato wani irin hoto da ya fi nuna ƙwaƙwalwa dalla-dalla, don Allah kada ki ƙi komawa.

A duba ƙaramar ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya, sannan a bi ƙashin baya har ƙasa a tabbatar a rufe yake.

Aikin ƙwaƙwalwa kuwa ta motsi ake gane shi. A watannin ƙarshe likita kan zuba ido har minti 30: yaro na dunƙule hannu ya buɗe? Yana juyi? Ƙirjinsa na motsi irin na numfashi? In girmansa ya ja baya, akan ƙara da Doppler, wato hoton da ke auna gudun jini, a ga gudun jini a jijiyar ƙwaƙwalwa.

Hoto ba ya nuna basira, kuma ba kowace matsala yake kamawa ba. Kafin ki tashi, ki karɓi takardar sakamako mai ɗauke da alƙaluman awon, ki kai wa likitanki ranar awo ta gaba.