Darasi na 9: Tsaftar yaron da bai yi kaciya ba

A Maiwurno da Gadarif na ƙasar Sudan an saba yi wa yaro kaciya tun yana ƙarami, amma akwai waɗanda suke balaga ba a yi musu ba. Wani jininsa ne ba ya tsayawa in ya ji rauni. Wani an haife shi da ƙofar fitsari ta ƙasa, likita ya ce a bar fatar don da ita za a yi gyara. Wani kuwa gudun hijirar yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ne ya sha kan iyayensa. Irin wannan yaro kunya ke cinsa, ba zai buɗe baki ya tambaya ba. Uba ko kawu ne zai ja shi gefe ya ce, “Zo nan, ɗana, in gaya maka yadda ake yi.”

Fatar da ke rufe kan gaba ita ce loɓa. Lokacin wanka yaro ya ja ta baya a hankali da hannunsa, ya wanke da ruwa zalla, ya tsane, sannan ya mayar da ita mazauninta. Buta ɗaya ta isa. Ban da sabulu mai zafi, ban da Dettol, ban da turare. Farin dattin da ke taruwa a ƙarƙashi ba cuta ba ne, maiƙon jiki ne da matacciyar fata. Sai an bar shi cikin gumin bazara yake kawo wari da ƙaiƙayi.

In fatar ba ta ja baya, kada a tilasta mata. Tsagewa take yi, tabon ya ƙara matse ta. Ga yawancin yara takan saki da kanta kafin shekara 17, kuma likita na da man shafawa da ke sassauta ta cikin 'yan makonni. In wurin ya yi ja, ko aka ga kumburi, mugunya ko zafin fitsari, a je asibiti. Jini a ƙarshen fitsari kuwa, ga yaron da ke iyo a magudanan ruwan gonaki, a fara zargin tsargiya.

Abu ɗaya ne ba ya jiran gari ya waye. In an ja fatar baya ta maƙale, kan ya kumbura yana zafi, jini ne ya kasa komawa. Kada a tsaya neman wanzami ko jiƙe-jiƙe. A ɗauki yaron zuwa asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.