Yadda Ake Tanadin Kayan Jinyar Yaro a Gida Tun Kafin Ciwo Ya Zo

Ciwon ƙaramin yaro ba ya jiran gari ya waye. Sau da yawa zazzaɓi yakan hau ne bayan isha'i, gudawa ta tsananta da tsakar dare, a lokacin da kemis ɗin unguwa ya rufe, titi babu abin hawa, uwa kuma ba ta da wanda za ta aika. Na daɗe ina lura da iyayen da suka yi haihuwar fari, kuma kuskurensu iri biyu ne: ko dai ba su ajiye komai ba, ko kuma sun tara leda guda ta ragowar magunguna, wasu babu kwali, wasu an manta ranar da aka buɗe su. Na biyun ya fi haɗari. Tanadin da nake nufi kaya ne ƙalilan, aikinsu su hana jikin yaro bushewa, su sauƙaƙa masa zafi, su kuma nuna muku lokacin da zaman gida ya ƙare, dole a nufi asibiti.

Ku fara da mazubi. Roba mai murfi irin ta zuba abinci ta wadatar, kuɗin sayen akwati na musamman gara a ƙara a sayi abin da za a zuba a ciki. Wurin ajiyewa ne ya fi muhimmanci. Yawancin magungunan yara an rubuta a kwalinsu cewa a adana su ƙasa da digiri 30, alhali a watan Afrilu zafin Kano ko Sakkwato ko Maiduguri yakan wuce digiri 40. Don haka kada a ɗora robar a taga, ko a kicin, ko kusa da rufin kwano. A nemi ɗakin da ya fi sanyi, a sa ta a sama inda hannun yaro ba zai kai ba, domin maganin ruwa zaƙi gare shi, yaro kuma zai iya shanye kwalba guda. Kowane babba a gidan ya san wurin, har da maigida.

Abu na farko da zai shiga ciki shi ne ma'aunin zafin jiki mai batir, wanda yake nuna lamba. Bayan hannu zai gaya muku jiki da zafi, amma ba zai bambance muku 38 da 40 ba. A share hammatar yaro ta bushe, a sa bakin ma'aunin a tsakiyarta, a danne hannunsa a jikinsa har ma'aunin ya yi ƙara. Idan ya kai 37.5 a hammata, ma'aikatan lafiya suna ɗaukarsa zazzaɓi. Na gilashi kada ya shigo gidan da akwai yara, saboda idan ya fashe abin da ke cikinsa guba ne.

Sai ORS, wato garin gishiri da sukari na leda, tare da ƙwayar zink. A nan zan tsaya, domin a nan ne na fi ganin ana ɓata aiki, ko da kayan suna nan a gida. Ku ajiye leda huɗu zuwa shida. Abu ne mai araha, wani lokaci ma ana bayar da shi kyauta a asibitocin gwamnati. Leda ɗaya yawanci ta ruwa lita ɗaya ce, amma ku karanta jikinta tun ranar da kuka saya, ba daren da yaro yake kwance ba. Matsalar ita ce gidaje da yawa ba su da abin da ya kai lita ɗaya daidai, sai uwa ta juye ledar a kofi, ko ta ɗiba rabi da ido ta ajiye rabi. Idan ruwan ya yi kaɗan, gishirin ya yi yawa, abin da aka haɗa don ya taimaki yaro sai ya ƙara masa gudawa, ya kuma iya cutar da shi sosai. Mafita mai sauƙi ita ce fiya wata: galibinsa rabin lita ne, leda biyu sun ba da lita ɗaya, sai dai a duba rubutun don a tabbatar. Abin da na fi so shi ne a ware jug guda mai murfi, a auna lita ɗaya a ciki tun yau, a ja layi da maka a daidai inda ruwan ya tsaya, a ajiye shi kusa da robar, kada a yi wani aiki da shi. A juye garin gaba ɗaya a ruwan da aka tafasa ya huce ko ruwa mai tsabta, a motsa har ya narke. Ba a ƙara sukari don yaro ya so shi, ba a haɗa shi da lemon kwalba, ba a kuma tafasa shi bayan an haɗa. Abin da ya rage bayan awa 24 a zubar, a haɗa sabo.

Yadda ake bayarwa ma sai an yi haƙuri. Duk lokacin da yaro ya yi gudawa, wanda bai kai shekara biyu ba a ba shi mililita 50 zuwa 100, wanda ya wuce shekara biyu 100 zuwa 200. Da cokali ake bayarwa, kaɗan-kaɗan, cokali ɗaya duk minti ɗaya ko biyu. Na sha ganin uwa ta kafa wa yaro kofi a baki, ya kwankwaɗa saboda ƙishi, ya amayar da shi nan take, sai ta ce ai ba ya karɓa, ta daina. Idan ya yi amai a jira minti goma, a ci gaba a hankali fiye da da. Nono ba a dakatar da shi ko kaɗan, abinci ma haka. Zink kuwa, ɗan wata shida zuwa sama miligiram 20 a rana, wanda bai kai ba miligiram 10, a narka a ɗan ruwa ko nono a cokali, har kwana 10 zuwa 14. Gudawar takan tsaya tun kafin nan, iyaye su watsar da ragowar; a cika kwanakin, domin shi ne yake rage yiwuwar dawowarta a watannin da ke gaba. Idan ledar ORS ta ƙare da dare, a haɗa lita ɗaya ta ruwa da cokalin shayi shida na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri, duk a shafe ba a tule ba, a ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. Wannan na kafin gari ya waye ne kawai.

Farasitamol na yara kwalba ɗaya ya isa, amma kada ya shiga robar sai tare da sirinji marar allura na mililita 5. Cokalin gida ba ma'auni ba ne, kowane gida da girman nasa. Ana auna maganin ne da nauyin yaro, miligiram 10 zuwa 15 a kowane kilo, a bar tazarar awa huɗu zuwa shida, kada a wuce sau huɗu a kwana guda. Yaro mai kilo 10, idan kwalbar ta ce miligiram 120 a mililita 5, to mililita 5 ne rabonsa. Ku kula da na ɗigawa na jarirai, wanda yake da miligiram 100 a kowace mililita ɗaya: mililita 5 daga cikinsa miligiram 500 ne, ya ninka rabon yaron nan kusan sau huɗu, kuma yawan farasitamol hanta yake lalatawa. Jaririn da bai kai wata uku ba idan ya yi zazzaɓi, ba a gwada magani a gida, asibiti ake kai shi. Haka ma yaro mai sikila.

Akwai abubuwan da ban yarda su shiga robar nan ba. Ragowar maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka riga aka zuba masa ruwa a zubar da shi, kwanakinsa ƙididdigaggu ne. Asfirin ba na yara ba ne. Maganin haƙori ma haka. A shekarar 2008 wani maganin haƙori mai suna My Pikin da ya gurɓata da sinadari mai guba ya kashe yara fiye da 80 a Nijeriya, sannan ɗora zazzaɓi da gudawa a kan fitowar haƙori yana sa a yi jinkirin neman magani. Magungunan mura da tari da yawa suna da farasitamol a ciki, sai a ninka wa yaro ba a sani ba. Zuma ba a ba wanda bai cika shekara ba. Maganin zazzaɓin cizon sauro kuma a bari sai an yi gwajin jini, wanda ba ya wuce minti ashirin. Duk abin da za ku saya, ku duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aikinsa.

Sauran kayan ba sa buƙatar dogon bayani: tocila mai aiki, sabulu, tsumma mai tsabta na shafa jiki da ruwa mai ɗumi-ɗumi, auduga, filasta, da katin rigakafi. A cikin murfin robar a manna takarda mai ɗauke da nauyin yaro na ƙarshe da aka auna, da lambar mai adaidaita ko maƙwabci mai mota da zai amsa waya da dare, da alamomin da ba a jira da su: yaro ya kasa sha ko kama nono, yana amayar da komai, ya yi jijjiga, ya yi laushi ba ya farkawa sosai, jini a bayan gida, idanu ko maɗiga sun faɗa, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa in ya ja numfashi. A ƙirga numfashin na minti ɗaya cur yana kwance shiru. 60 ga wanda bai kai wata biyu ba, 50 daga nan zuwa shekara, 40 daga shekara zuwa biyar, duk sun yi sauri. Idan jijjiga ta zo a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa cokali a bakinsa, kada a ɗura masa komai.

A naɗe kuɗin mota da na kati a ambulan a sa a ƙasan robar, kada a taɓa su don cefane. A buɗe ta duk bayan wata uku a fitar da abin da ya ƙare aiki, a gyara nauyin da ke takardar, a gwada batirin ma'aunin, musamman a watan Mayu ko Yuni kafin damina ta kankama.