Yadda Ake Zaɓen Ruwan Ban-Ruwa Ga Rama Da Tumatir A Gida

Da farko, ka ɗanɗana ruwan. In ka ji gishiri-gishiri ko ɗanɗanon kanwa, kamar yadda ake samu a wasu rijiyoyi da burtsatse, kada ka zuba shi kai tsaye. Gishirin yana taruwa a ƙasa ya hana saiwa shan ruwa, sai ka ga bakin ganye ya ƙone alhali ƙasa a jiƙe take. Alamarsa farin ɓawo a saman ƙasa ko a bakin tukunya. In babu wani ruwan, gauraya shi rabi da rabi da ruwan sama, kuma duk bayan mako 2 ka kwarara ruwa mai kyau har ya riƙa fita ta hujin ƙasan tukunya.

Ruwan sama ya fi kowanne. Bar na farko ya wanke kwanon rufi, sannan ka tara a randa ka rufe saboda sauro.

Na famfo kuwa, bar shi a buɗe awa 24 warin sinadarin kulorin ya fita.

Ruwan wanki mai omo ko bilic, a kai shi nesa da shuka.

Kada ka yi amfani da ruwan da ya yini a jarka cikin rana. Tsoma yatsa cikin ƙasa zuwa gaɓa ta 2. In a bushe take, ka yi ban-ruwa da sassafe ko bayan la'asar, a gindi, ba a kan ganye ba.