Yadda za a taimaka wa binciken 'yan sanda idan ana zargin direba da buguwa bayan haɗari

Idan motoci da yawa suka yi karo, musamman a hanyar Wudil ranar Juma'a da kasuwa ke ci, a fara kiran Hukumar Kiyaye Haɗurra a lamba 122, a sanar da 'yan sanda, sannan a gaggauta kai masu rauni asibiti.

Abin da ya fi ɓata bincike a ƙauyukanmu shi ne saurin ture motoci gefe. Kafin a taɓa su, a ɗauki hotonsu da waya, har da sawun tayoyi a kan kwalta, domin daga nan jami'ai ke gane wanda ya taka birki da wanda ya bar hannunsa. Idan an ga kwalbar kodin ko fakitin tiramol a ƙarƙashin kujerar direba, kada kowa ya ɗauka, a nuna wa jami'i a inda yake.

Kada a doki direban, ko da yana tangaɗi, domin bugun kai ma yakan sa mutum layi da maganar da ba kan gado, kuma gwajin numfashi ko na jini ne ke tabbatar da maye. Gwajin yana son gaggawa, tunda abin da aka sha yana raguwa a jiki. Wanda ya gani da idonsa ya ba da shaida, ya faɗi iyakar abin da ya gani.