Yadda za ka gane wace hukumar wasan tsallake shingaye ce ta gaske kafin ka tura kuɗinka

Kwanaki wani ƙanena ya turo min wata takarda ta WhatsApp wai an gayyace shi gasar duniya ta wasan tsallake shingaye, irin wannan da ake gudu ana haura katanga ana lilo a jikin ƙarafa ana rarrafe cikin taɓo. Yaron dama tun yana ƙarami in aka sa wasan ninja ɗin nan na Japan a talabijin ko ƙiftawa ba ya yi, yanzu kuma ya ɗaura igiya a jikin darbejiyar ƙofar gida kullum bayan asuba yana ta ɗarewa yana saukowa har tafin hannunsa ya yi kanta. Takardar kam ta sha ado, ga hoton duniya ga wasu zobba masu kama da na Olamfik amma da na ƙirga sai na ga huɗu ne, can ƙasa kuma an ce ya biya kuɗin rajista kafin wata ya mutu. Ya ce Yaya ya ka gani? Na ce ka dakata tukuna, wannan wasan masu cewa su ne iyayen gidansa sun fi ɗaya, bari mu bi abun a sannu.

Abu na farko, ka raba kamfani da hukuma. Yawancin manyan sunayen da ka sani a harkar nan 'yan kasuwa ne. Spartan da Tough Mudder duk a 2010 suka fara a Amurka, a 2020 kuma Spartan ta saye Tough Mudder. Shi kuwa Sasuke, wanda duniya ta fi sani da Ninja Warrior, shirin gidan talabijin ɗin TBS ne na Japan tun 1997. Spartan tana da tata gasar da take kira ta duniya, akwai kuma wata gasar duniyar mai zaman kanta da aka fara a jihar Ohayo a 2014, ga kuma ta hukuma, to ka ga a shekara guda sai a samu mutum uku kowa na cewa shi ne zakaran duniya kuma ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Gasar kamfani ba damfara ba ce fa, wani lokacin ma ta fi ta hukuma tsari da kyauta mai tsoka, sai dai ka sani tikiti ka saya kamar kowa, ba ƙasarka ce ta tura ka ba.

Daga nan sai ka riƙe sunaye biyu. Akwai World Obstacle, wadda a takarda ake kira FISO, ta yi mazauninta a Lozan ta Suwizalan, Ian Adamson ne ya daɗe yana jan ragamarta, ita ce ta yi ta fafutukar tattara tseren taɓo da ninja da makamantansu a inuwa ɗaya, ta kuma yi gasarta ta duniya a garin Genk na Beljiyam a 2023. Sai UIPM, hukumar wasan pentatalon na zamani, wato wasa biyar a haɗe, an kafa ta a 1948 kuma ofishinta na Monako. To me ya haɗa kifi da kaska? Doki ne wallahi.

A gasar Olamfik ta Tokiyo da aka yi a 2021, 'yar Jamus Annika Schleu ce ke kan gaba a pentatalon ɗin mata kafin a zo hawan doki, su kuma a dokar wasan ba da dokinka kake zuwa ba, ƙuri'a ake yi a ba ka wanda ba ka taɓa gani ba ku yi minti 20 kuna sabawa. Sai ta faɗa kan wani doki mai suna Saint Boy, ya kafe ya ce ba inda za shi, tana kuka tana zabga masa bulala kyamara na ɗauka, kociyarta Kim Raisner kuma ta miƙa hannu ta kai wa dokin naushi, aka kore ta daga gasar. Duk wanda ya taɓa hawan sallah ya san ba a yi wa baƙon doki haka, amma dai aikin gama ya gama, duniya ta yi caa. A watan Nuwamba na shekarar UIPM ta ce za ta cire doki bayan gasar Faris ta 2024. Aka gwada tsallake shingaye a Ankara a watan Yunin 2022, a Nuwamban 2022 babban taron hukumar ya amince da gagarumin rinjaye duk da 'yan wasa da yawa sun yi ta bore, cikinsu har da Joe Choong na Birtaniya da ya ci zinare a Tokiyo, sun ce ba a shawarce su yadda ya kamata ba. A Oktoban 2023 kwamitin Olamfik na duniya, IOC, ya zauna a Mumbai ya sa hannu cewa pentatalon da shingaye zai shiga gasar Los Anjalas ta 2028.

Ka ga inda gizo ke saƙar kenan. Masu shingaye sun yi shekaru suna ƙwanƙwasa ƙofar Olamfik, sai ga wasansu ya shige ta hannun wata hukumar da ke neman ceton kujerarta. Shi ya sa ɓangarorin biyu suka hau teburin haɗewa a mayar da harkar ƙarƙashin UIPM, a ƙasashe da dama kuma sai ka tarar da ƙungiyar shingaye daban ta pentatalon daban ana ta ja-in-ja kan wa zai shiga ƙarƙashin wa, wa zai riƙe asusu, wa zai zaɓi 'yan wasa. Kuma kar ka ruɗe, abun da zai je Los Anjalas gajeren fili ne na kusan mita 70 a matsayin kashi ɗaya cikin biyar, in ba ka iya ninƙaya da wasan takobi da gudu da harbin bindigar leza ba to iya lilo kaɗai ba zai kai ka can ba. Ahmed Elgendy ɗan Masar da ya ci zinaren maza a Faris, a duka biyar ɗin ya yi gumi.

Yanzu ga binciken da za ka yi da wayarka, data kaɗan zai ci. Kar ka fara daga shafin masu gayyatar, kowa a gidansa sarki ne. Fara daga sama, shiga shafin IOC ka nemo jerin hukumomin da ta amince da su ka duba ko sunan na ciki harafi da harafi, don masu wayo kalma ɗaya suke canjawa. Sai ka leƙa shafin WADA, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari, tana da jerin waɗanda suka sa hannu a dokarta. Sannan ka lura da kalmomin da ake wasa da su, "an amince da mu" daban, "muna da matsayin 'yan kallo" daban, "muna tattaunawa" kuma ba komai ba ne. Misali World Obstacle ta samu matsayin 'yar kallo a GAISF, ƙungiyar da ta haɗa hukumomin wasanni na duniya, a 2021, wanda mataki ne na gaske amma ba amincewar IOC ba ce, ita kanta GAISF ɗin mambobinta sun kaɗa ƙuri'ar rushe ta a ƙarshen 2022, to duk takardar da ka ga har yau tana taƙama da tambarin GAISF ka san ko dai tsohuwa ce ko mai ita bai san an ci kasuwa an watse ba.

Ka dinga duba kwanan wata a kan komai, don amincewa ba gadon gida ba ce. Hukumar dambe ta IBA ta yi shekara da shekaru ita ce mai Olamfik, a Yunin 2023 IOC ta ƙwace amincewar, a Fabrairun 2025 ta ba World Boxing ta wucin gadi.

In ka gama da sama sai ka gangaro gida. Hukumar duniya ƙungiya ɗaya take ɗauka a kowace ƙasa, kuma tana lissafa su a shafinta, nemo ƙasarka ka ga sunan wa aka rubuta. In a Najeriya kake ka tambayi kwamitin Olamfik na ƙasa da Hukumar Wasanni ta Ƙasa ko sun san da zaman ƙungiyar, in a Nijar ne ka tambayi kwamitin Olamfik ɗinsu a Yamai. Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa kuma shi ya fi cin 'yan wasa. Mun gani a ƙwallon kwando ai, shugabanni biyu kowa na cewa shi ne, har gwamnati ta janye Najeriya daga wasannin duniya a Mayun 2022, kafin a janye matakin an riga an ba Mali gurbin D'Tigress, tawagar matan Najeriya, a gasar kofin duniya, 'yan matan da suka sha wahalar samo gurbin su aka bari da hawaye.

Wani abu kuma da nake so ka sani, kuma nan ra'ayina ne, samun amincewa ba ya nufin hukuma ce mai gaskiya a rigima. Dubi fakur, wasan tsalle-tsallen gine-gine da David Belle da abokansa suka ƙirƙiro a Faransa. Hukumar jimnastik ta duniya FIG ta jawo shi jikinta a 2017, ta tabbatar a taronta na Baku a 2018, masu wasan na asali suka kafa Parkour Earth suna cewa ƙwace ne da rana tsaka, amma FIG ce ke da kujera a Olamfik sai ta yi gabanta har ta yi gasar duniya a Tokiyo a 2022. A ganina an yi musu fin ƙarfi. Akwai kuma lokacin da kotu ke raba gardama ta ba kowa rabonsa, kamar rigimar hukumar hawan igiyar ruwa da ta kwale-kwale kan wasan tuƙa allo a tsaye a kan ruwa, kotun wasanni ta CAS da ke Lozan ta yanke a 2020 cewa ta farkon ce mai shi a matakin Olamfik amma ta biyun ma tana iya shirya nata gasannin. Don haka tambayi kanka me kake nema, in Olamfik ce bi mai amincewar IOC ko ba ka son halinta, in kuwa gogewa da nishaɗi kake so ƙofofi da yawa a buɗe suke.

Kafin ka biya ko sisi, rubuta musu imel gajere. Tambaye su wace hukumar duniya ce ta sa hannu a gasar, wace ƙungiya ce wakiliyarsu a ƙasarka, akwai inshora in ka faɗo daga kan katanga ka karye, kuma in an zalunce ka a sakamako ina za ka kai ƙara. Duba asusun da aka ce ka tura kuɗi, in sunan mutum ne ba na ƙungiya ba to ka rufe jakarka. Kuma ka ajiye hoton komai.

Mu dai haka muka yi, muka tura tambayoyin nan huɗu daren Laraba. Washegari amsa ta zo layi ɗaya, wai guraben sun kusa cika ya hanzarta biya. Na ce masa ƙanena mayar da kuɗinka aljihu ka je ka nemi inda ake koyar da ninƙaya, ya yi dariya ya ce Yaya ni da ko a kududdufi ban taɓa shiga ba.