Kalmar "axis": kurakuran da aka fi yi wajen fahimtarta da fassara ta

Na taɓa karanta wata fassarar darasin lissafi da aka umurci ɗalibi ya "zana gatura biyu su gitta juna" kafin ya fara aiki. Na daɗe ina kallon jimlar kafin na gano abin da ya faru. A Turanci, jam'in axe, wato gatari, da jam'in axis rubutunsu ɗaya ne: axes. A baki kawai suka bambanta, na gatari gajere ne, "aksiz", ɗayan kuma ana jan ƙarshensa, "aksiiz". Mai fassarar ya ɗauki ma'anar da ya fara cin karo da ita a ƙamus, sai yaron da aka so ya ja layi biyu aka miƙa masa kayan faskare. Wannan kuskuren gyaransa ba wuya, domin kowa ya gan shi zai tsaya. Waɗanda suka fi damuna su ne masu sulalewa a jarrabawa, a labaran rediyo, har a takardar asibiti, ba tare da kowa ya ankara ba.

Kalmar daga Latin ta fito, inda take nufin sandar da ƙafar keken doki ke juyawa a kanta. Larabawa na cewa mihwar. Mu kuwa muna da abin da ya fi kowane ƙamus nuna ma'anar, wato mazari. Mai kaɗi ta murza shi, zare na naɗewa, gindin na ta wulwulawa, amma tsakiyar tsinken tana nan inda take. Wannan layin na tsakiya da ba ya gusawa, komai kuma na zagaya shi, shi ne axis. Daga nan ma'anar ta yi rassa: layin da abu ke juyawa a kansa, layin da ake fara awo daga gare shi, da layin da ya haɗa wurare biyu har wasu suka taru a jikinsa. Hausa ba ta da kalma guda da ta tattara duka ukun, kuma ni ban ɗauki wannan a matsayin naƙasu ba. Matsalar tana farawa ne idan mai fassara ya dage sai ya samo kalma ɗaya ya liƙa ta ko'ina.

A darasin labarin ƙasa

Axis na duniya layi ne na ƙiyasi da ya shiga ta ƙuryar arewa, ya ratsa tsakiyar duniya, ya fita ta ƙuryar kudu. Ka soke lemo da tsinken tsire daga sama zuwa ƙasa ka murza, ka gama darasin. Duk da haka ɗalibai da yawa suna rikita shi da ikwaita, layin da ya yi wa duniya ɗamara a ƙugu. Tsinken yana ratsa cikin lemon ne, ikwaita kuwa a bayan ɓawon take zagayawa.

Kuskure na biyu ya fi yawa: haɗa juyawar duniya a kan kanta da zagayen da take yi wa rana. Laifin a nan har da na harshenmu, domin "juyawa" da "zagayawa" da "kewayawa" muna musanya su yadda muka ga dama. Ya kamata malami ya tsayar da kalma ɗaya ga kowanne tun ranar farko, kada ya sake canzawa. Duniya tana juyawa a kan layin tsakiyarta sau ɗaya cikin awa 24, shi ke kawo dare da yini. Tana kuma kewaya rana cikin kwana 365 da kwata, ita ce shekara. Hanyar da take bi wajen kewayar falaki ce, ba axis ba.

Sai kuma maganar da ta zauna daram a zukatan mutane, har da manyan da suka gama makaranta: wai zafi na zuwa ne idan duniya ta matso kusa da rana, sanyi kuma idan ta yi nisa. Kalanda kaɗai ta isa ta rushe wannan. Duniya ta fi kusantar rana a farkon Janairu, tazarar kusan kilomita miliyan 147, lokacin da mu nan muke tsakiyar hunturu muna jin ɗumi a bakin wuta. Ta fi nisa a farkon Yuli, kusan kilomita miliyan 152, lokacin da Turai ke cikin zafinta. Abin da ke sauya yanayi shi ne karkatar tsinken nan. Ba a miƙe sak yake ba, ya karkace da kusan digiri 23 da rabi, kuma duk shekara gefe ɗaya yake nunawa, wajen tauraron arewa. Saboda haka rabin shekara ɓangaren arewa ne ke duƙa wa rana, ɗaya rabin kuma ɓangaren kudu.

Ina ganin dalilin da ya sa wannan ke yi mana wuyar kamawa shi ne karkatar ba ta nuna kanta sosai a tsawon yininmu. Kano tana kan kusan digiri 12 ne arewa da ikwaita. Yini mafi tsawo a can bai kai awa 13 ba, mafi gajarta kuma ya haura awa 11. Amma tambayi wanda azumi ya riska a Landan cikin watan Yuni, inda daga fitowar rana zuwa faɗuwarta ya wuce awa 16 da rabi, ban da tazarar alfijir. Shi ba ya buƙatar a zana masa komai a allo. Mu kuma shaidarmu tana cikin damina: karkatar ce ke sa rana ta tsaya tsakiyar ka a Kano wajajen 21 ga Afrilu, ta zarce arewa, ta sake dawowa wajajen 21 ga Agusta, kuma wannan kai-komon ne ke jawo iskar teku mai ɗauke da ruwa, daga baya ya sake ta iskar Sahara ta karɓi fili.

A kan takardar giraf

A lissafi ba abin da ke juyawa. Axis a nan layin awo ne, kuma fassarar da ta fi zama ita ce "layin kwance" ga na x, "layin tsaye" ga na y. Tsarin ana jingina shi ga Bafaranshen nan René Descartes, wanda ya wallafa aikinsa kan haɗa lissafin alama da na siffofi a 1637. Kuskuren yara sananne ne: a ba su (3, 5) su hau sama taku uku sannan su yi gefe taku biyar. Kwance ake fara bi, sannan a hau. Nakan ce musu sai ka taka ƙasa ka isa gindin bishiya kafin ka hau ta.

Wanda ke kayar da har masu ƙoƙarin aji shi ne idan aka tambayi lissafin da ke wakiltar layin x. Hannu na saurin rubuta x = 0. Amsar ita ce y = 0, domin duk inda ka tsaya a kan layin kwance, ba ka hau ba, ba ka sauka ba, tsayinka sifili ne. Layin tsaye shi ne x = 0.

A darussan kimiyya, ƙa'ida ita ce abin da kai kake sarrafawa, ko lokaci, ya zauna a kwance, sakamakon kuma a tsaye. Ɗalibi ya riƙe wannan da kyau, sai ya shiga ajin tattalin arziki ya tarar an ɗora farashi a layin tsaye, yawan kaya a kwance. Malamin bai yi kuskure ba. Al'adar fannin ce tun littafin Alfred Marshall na 1890, kuma haka masu gyaran jarrabawa ke son gani.

Akwai wani da ba na ɗalibai kaɗai ba ne, ya shafi duk mai kallon zanen alƙaluma a waya. A ce wata gona ta ba da buhu 95 bara, bana ta ba da 100. Idan mai zane ya fara layin tsaye daga 90 maimakon sifili, sandar bana za ta ninka ta bara tsawo, alhali ƙarin buhu biyar ne kacal. Wani rashin sani ke sa shi, wani kuma da gangan yake yi don ya kambama aikinsa. Kafin tsawon sanduna ya burge ka, duba lambar da ke gindin layin tsaye. In kai ne mai zanen, fara daga sifili, ka rubuta abin da kowane layi ke aunawa da ma'auninsa, buhu ne ko tan, naira ce ko dala.

A siffofi kuma, axis shi ne layin da za ka ninke siffa a kansa gefe ya rufe gefe daidai. Murabba'i yana da huɗu. Mustaɗili, wato mai siffar fallen takarda, biyu gare shi, ba huɗu ba: ɗauki fallen takarda ka ninke daga kusurwa zuwa kusurwa, za ka ga kunnuwa sun leƙo.

A asibiti

Ƙasusuwan wuya guda bakwai ne. Na farko, wanda ƙoƙon kai ke zaune a kansa, sunansa atlas. Na biyu shi ne axis, wanda likitoci ke rubutawa C2. Yana da wani ɗan tsini da ya miƙe sama ya shiga zoben na farkon, kuma a kan tsinin nan kai ke juyawa idan ka girgiza shi ka ce a'a. Ɗaliban jinya kan musanya sunayen biyu, amma wanda ya tuna mazari ba zai ɓata ba, mai tsinken shi ne axis.

Takardar tabarau ita ce inda na fi son a lura, domin ta shiga gidaje da yawa. A jikinta akwai gurabe uku, SPH da CYL da AXIS. Mutum ya ga 180 a gurbi na uku sai hankalinsa ya tashi, yana zaton idonsa ya kusa tafiya, tunda na maƙwabcinsa 10 aka rubuta. Lambar nan ba ƙarfin gilashi take aunawa ba. Kusurwa ce, daga digiri 1 zuwa 180, tana gaya wa mai yanka gilashi ta wace fuska zai kwantar da gyaran ga idon da gabansa bai zagaye daidai ba. 90 a tsaye ne, 180 a kwance, kuma 180 da 10 maƙwabtan juna ne, digiri goma kawai ke tsakaninsu. Ƙarfin yana cikin SPH da CYL. In gurbin CYL babu komai, na AXIS ma zai zama wayam. Amma kada wannan ya sa a raina lambar. Idan aka kwafe ta ba daidai ba, ko aka sa ta dama a hagu, gilashin zai riƙa ba da dishi-dishi da ciwon kai. Ɗauki hoton takardar ka kai wa mai haɗa tabarau, kada ka karanta masa ta waya.

A tarihi da labarai

A ranar 1 ga Nuwamba 1936, a birnin Milan, shugaban gwamnatin Italiya Benito Mussolini ya siffanta dangantakar Roma da Berlin da axis, layin da sauran ƙasashen Turai za su iya taruwa a kewayensa. Sunan ya bi su. Ranar 27 ga Satumba 1940 Jamus da Italiya da Japan suka sa hannu kan yarjejeniyar ƙawance a Berlin, daga baya Hungary da Romaniya da Bulgeriya da wasu suka shiga. Fassarar a nan "ƙawancen Jamus da Italiya da Japan" ce, ba "layi" ba. Wannan ƙawancen ne sojojin Afirka ta Yamma, ciki har da Hausawa da yawa, suka yaƙa a dazuzzukan Bama (Myanmar ta yau) a Yaƙin Duniya na Biyu, inda suka kara da Japan.

Kuskuren da na fi gani a amsoshin tarihi shi ne ja wa sunan baya zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya. A yaƙin 1914 zuwa 1918 abokan Jamus su ne Ostiriya-Hungary da Daular Usmaniyya da Bulgeriya, Italiya da Japan kuwa suna ɓangaren Ingila da Faransa. Haka nan Tarayyar Sobiyet ba ta taɓa zama cikin ƙawancen ba, duk da yarjejeniyar rashin kai wa juna hari da ta ƙulla da Jamus a Agustan 1939, wadda Hitler ya karya a Yunin 1941.

Ranar 29 ga Janairu 2002 shugaban Amurka George W. Bush ya aro kalmar ya ɗora wa Iran da Iraƙi da Koriya ta Arewa, ya kira su axis of evil. Mai fassara na iya cewa "ƙawancen sharri", amma wajibi ne ya jingina maganar ga mai ita, "abin da Bush ya kira". Babu wata yarjejeniya da ta haɗa ƙasashen uku, Iran da Iraƙi ma shekara takwas suka yi suna yaƙi da juna, daga 1980 zuwa 1988. In ka cire jinginar, ka mayar da zargin ɗan siyasa ya zama labari.

A jaridun Najeriya kuwa kalmar ta sami wata ma'ana ta gida. Idan aka rubuta cewa an tsaurara tsaro a "Birnin Gwari axis", ba ƙawance ake nufi ba, ba kuma layin awo ba. Yankin Birnin Gwari da kewaye ake nufi. In an ambaci garuruwa biyu, kamar Abuja da Kaduna, to hanyar ce da garuruwan da ke bakinta. A Nijar ma haka abin yake ta Faransanci, inda axe Maradi-Zinder ke nufin hanyar Maraɗi zuwa Damagaram. Nan ne mai karatun Turanci da ya ɗauko rahoton Faransanci zai sake karo da gatarin nan, domin kalmar Faransancin da gatarin Turanci harufansu ɗaya ne sak. Gari ɗaya aka ambata, ka ce "yankin" ko "shiyyar". Biyu ne, ka ce "hanyar". In rahoton bai fayyace ko a kan titi abin ya auku ko a ƙauyukan gefe ba, ka tambayi wanda ya aiko shi kafin ka karanta a iska, domin akwai direban da zai ɗora shawarar tafiyarsa ta gobe a kan kalmar da ka zaɓa.